An haifa maka ɗa ba ta hanyar aure ba kuma ba ka son ka gudu: ga yadda za ka bi da lamarin

Wani abokina ne da muka taso unguwa ɗaya ya sa na yi wannan rubutun, ba zan kama suna ba. Shekarun baya ya zo min bayan isha'i ya zauna kan bencin ƙofar gidanmu, ya fi minti ashirin yana juya makullin babur ɗinsa a hannu bai ce uffan ba, sai can ya ce "wallahi cikin nan nawa ne, kuma kowa cewa yake in musa." Kowa fa, har da yayyensa, wai ai ba shaida, ka rantse kawai a wuce wajen. Shi kuma ya kasa barci saboda ya san gaskiya. Tare muka yi ta yawo wajen malamai da lauya da ofisoshi har Allah ya sa abu ya daidaita, toh abin da na koya a wannan yawon shi zan zayyano wa duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali.

Bari in fara da abin da ba na son a yi min mummunar fahimta a kai. Zina babban zunubi ne, ba na ƙawata ta, tuba wajibi ne a kanka kuma tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma aikin gama ya riga ya gama, ga jariri nan ya zo ko yana hanya, shi bai aikata komai ba, Alƙur'ani ya faɗa ƙarara cewa babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Mu a nan an saba namiji ya zame ya bar mace da iyayenta da abin kunya da ɗawainiya, yaro ya taso ana nuna shi ana ɗan gaba da fatiha, wasu ma kalmar da suke kiransa da ita ba na son rubuta ta. Idan kai ka ce ba za ka zame ba, toh ka san akwai abin da za ka samu akwai kuma abin da ba za ka samu ba, gara ka san su tun yanzu kafin ka je ka yi ta rigima kan abin da ba naka ba.

Kafin komai ka tsaya ka duba matsayin matar

Wannan shi ne ke yanke komai. In matar aure ce, maganar ta ƙare tun ba a fara ba. Hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Abdu bin Zam'a suka yi jayayya kan wani yaro, Annabi (SAW) ya yanke cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin da ke auren uwar ko ubangidanta in kuyanga ce, duk da an ga kamannin wani a jikin yaron. Dokar ƙasa ma haka take, sashe na 165 na dokar shaida ta 2011 ya ce yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren in uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauke shi ɗan mijin ne. Dan Allah kar ka ɗauki takardar gwajin DNA ka doshi gidan wani da ita, za ka rusa gida ka jefa mace cikin bala'i kai ma ka jefa kanka, kuma ba za a ba ka yaron ba.

In bazawara ce, nan ma a kula. A mazhabar Malikiyya wadda kotunan shari'armu ke bi, ciki kan iya daɗewa, abin da muke cewa kwantacce, har wajen shekara biyar a wata ruwayar, don haka ana iya jingina yaron ga tsohon mijin sai dai in shi ya kore shi ta hanyar li'ani, wato rantsuwar da miji ke yi gaban alƙali cewa ɗan ba nasa ba ne. Yana cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta duba lokacin da ta sallami Amina Lawal, bazawarar da aka yanke wa hukuncin jifa kan ciki ba aure, a watan Satumba 2003.

In kuma yarinyar ba ta kai shekarun girma ba, wannan ba maganar haƙƙin uba ba ce, maganar laifi ce babba, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta sa ɗaurin rai da rai kan wanda ya kwana da wadda ba ta kai 18 ba, jihohi kuma kowacce da nata tanadin. Wannan rubutun ba don mai irin wannan ba ne. Ina magana ne kan baligai biyu, mace ba ta da miji ba ta cikin idda.

Ƙofofi biyu ne, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce

Abin da ya fi rikita abokina kenan, yau malam ya ce masa ba ɗansa ba ne, gobe lauya ya ce masa ɗansa ne, ya rasa wa zai kama. Alhali dukkansu gaskiya suke faɗa, kowa daga inda yake tsaye.

A fiƙihu, mazhabobi huɗu sun tafi kan cewa ɗan da aka samu ta zina ana danganta shi ga uwarsa ne, ita yake gada ita ma tana gadonsa, danginta su ne danginsa. Kai ba ya gadonka, ba ka gadonsa, in mace ce ba kai ne waliyyinta ba ranar ɗaurin aure, kuma alƙali ba zai ɗora maka ciyarwa a matsayin uba ba. Akwai wasu magabata irin su Hasanul Basari da Ishaƙ bin Rahawaihi, daga baya Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, da suka ce in uwar ba ta da miji kuma mutumin ya zo da kansa ya ce ɗansa ne, ana iya riskar masa da shi. Maganar tana nan cikin littattafai, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa zai karanta maka, amma kar ka shiga kotun shari'a a Kano ko Sakkwato ko Gusau kana tsammanin da ita za a yi maka hukunci, Malikiyya ake bi.

Sai ɗaya ƙofar, wato kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 42 ƙaramin sashe na 2, wanda ya ce ba za a tauye wa ɗan Najeriya komai ba saboda yanayin haihuwarsa kawai. Sai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, sashe na 68 ya yi magana a kanka kai tsaye: in uba da uwa ba su da aure lokacin haihuwa, uban zai iya shigar da buƙata a kotun iyali a ba shi alhakin iyaye a kan yaron, ko kuma shi da uwar su yi yarjejeniya su riƙe alhakin tare. Sashe na 69 kuma na maganar riƙo da ganin yaro ne. Ka lura dai, wannan dokar ta tarayya ce, a Abuja take aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta yi tata, Kaduna ta yi a 2018, Kano sai 2023, kuma jihohin arewa da yawa sun yi gyare-gyare don ta dace da shari'ar Musulunci, lambobin sassan ma kan canza. Don haka abin da za ka tambayi lauya shi ne me dokar jiharmu ta ce, ba me ake yi a Legas ba.

Kar ka ruga kotu, ka fara ganin lauya da malami

Wannan gargaɗin ina son ka karanta shi sau biyu. Ka tsaya gaban alƙalin kotun shari'a ka ce cikin nan nawa ne kuma ba aure tsakaninmu, ka yi iƙirarin zina kenan, kuma ka jawo matar ciki. Tun da Zamfara ta fara a shekarar 2000 jihohi 12 ne suka ɗauki dokar laifuka ta shari'a, hukuncin wanda bai taɓa aure ba bulala 100, wanda ya taɓa aure kuma ka san abin da littafi ya ce. Ko dokar final kod ta arewa, sashe na 387 da 388, tana da ɗaurin da ya kai shekara biyu. Kuma in ka ambaci mace da wannan magana ita ta musa ba ka da shaidu, ƙazafi ne bulala 80. Ka tuna yadda aka yi da Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, matan ne suka sha shari'a har duniya ta ji, mazan da aka ambata suka musa aka sallame su. Ba cewa nake ka yi ƙarya ba, wallahi a'a, cewa nake addini da kansa yana son sutura, ba sai ka yi shela ba kafin ka ciyar da yaro. In ba ka da kuɗin lauya akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa wadda ke da ofis a manyan biranen jihohi, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, sannan ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma aikinsu kenan kullum, maganar yara da ciyarwa.

Maganar a yi sauri a ɗaura aure a rufe ciki

Iyaye da yawa nan suke fara zuwa, a tara mutum biyar a zaure a shafa fatiha kafin ciki ya fito. A Malikiyya wannan auren ɓatacce ne, mace mai ciki sai ta haihu, wadda ba ta da ciki kuma sai ta yi istibra'i tukunna, wato jiran da ake yi don a tabbatar ba ciki. Hanafiyya da Shafi'iyya suna da sauƙi a nan, amma mu dai ka san abin da malamanmu ke karantarwa. Sannan akwai lissafin wata shida, mafi ƙarancin ciki kenan, an ciro shi ne daga ayar da ta ce ciki da yaye wata 30 da wadda ta ce shayarwa shekara biyu, in ka cire 24 daga 30 saura 6. Jaririn da ya zo ƙasa da wata shida bayan aure ba a jingina shi ga mijin. Kenan auren gaggawa ba ya gyara nasaba, sai dai ya ƙara wata matsalar a kan ta farko. In da gaske kana sonta kuma tana sonka ka jira ta sauka lafiya ta gama jego, ka turo magabatanka kamar kowa, ka biya sadaki a ɗaura aure mai tsafta, yaro ya taso gabanku ku biyu. Ni a ganina duk cikin hanyoyin wannan ta fi, in ta yiwu. Amma kar a tilasta wa kowa, auren dole kan abin kunya ba ya ƙarko, yaron ne zai sha wuya a tsakiya.

Yadda za ka tunkari gidansu

Kar ka je da kanka da farko, kuma kar ka tura saƙon waya. Ka samu dattijo ɗaya a danginka mai sanyin hali mai riƙe sirri, kawu ko baffa, ka faɗa masa gaskiya duka. Abokina kawunsa ya samu, tsohon malamin firamare, shi kuma ya ɗauki limamin masallacin unguwar su yarinyar suka je bayan la'asar. Uban yarinyar ko tabarma bai shimfiɗa musu ba, a tsaye ya ce "Malam, in ba don kai ba da ba zan fito ba, ku gaya wa yaron nan kar in sake ganin ƙafarsa a layin nan." Kawu bai yi musu ba, cewa ya yi "Alhaji duk abin da ka faɗa ka yi daidai, mu masu laifi ne, ba mun zo neman komai ba, mun zo ne mu ce ba mu gudu ba." Suka juyo. Ranar suna abokina ya aika rago da buhun shinkafa da turmin atamfa biyu, kafin magariba wani almajiri ya dawo da ragon yana jansa da igiya, shinkafar ma aka dawo da ita a baro. Ya zo min ido jajur, na ce masa ka yi haƙuri, mutanen nan an ƙona musu rai, ba rana ɗaya za su huce ba. Sai da aka yi wata huɗu, jaririyar ta kamu da zazzaɓi mai zafi aka kwantar da ita, kakarta ta wajen uwa ce da kanta ta aiko a gaya wa kawu. Daga kuɗin gadon asibitin nan ƙofa ta buɗe.

Abin da nake son ka ɗauka a nan, kar ka shiga da maganar haƙƙina haƙƙina. Ka shiga da ɗawainiya. Awo, kayan haihuwa, kuɗin asibiti, rigakafi, madara in ana buƙata, maganin uwar ita kanta. Fiƙihu bai wajabta maka ba amma babu malamin da zai ce maka haramun ne ka ciyar da jariri, kotun iyali kuwa in uwar ta kai ƙara za ta iya ɗora maka dole. Kuma duk abin da ka bayar ka bar masa alama, ka tura ta banki ka rubuta dalili a wajen bayanin, kuɗin makarantar wance, kuɗin asibiti, ka ajiye rasit a leda ɗaya, kuɗin makaranta ka biya kai tsaye a asusun makarantar. Ba don gori ba, saboda ranar da za a tsaya gaban alƙali ko gaban dattawa a ce ina kake duk shekarun nan, takardun su za su yi magana.

In kana da shakka, gwajin DNA

Ba laifi ba ne ka so ka tabbatar, amma ka yi shi da wuri da mutunci, ba sai yaro ya shekara bakwai ya saba da kai ba. Gwajin ba wuya, ɗan auduga ake gogawa a cikin kumatunka da na yaron, sakamako ya fito ko dai kashi 99.9 da wani abu ko kuma sifili. Iri biyu ne, akwai wanda mutum ke yi don hankalinsa ya kwanta, akwai na kotu wanda ma'aikacin wajen gwajin ne zai ɗauki samfurin da kansa, a duba katin shaidarku a ɗauki hoto kowa ya sa hannu. Na farkon lauyan ɗaya ɓangaren zai yi fatali da shi cikin sauƙi, don haka in ka san magana za ta iya kaiwa kotu ka yi na biyun tun farko. Kar ka saci gashin yaro ko ka ɗauke shi a ɓoye ka kai, ka nemi yardar uwar, in ta ƙi sashe na 63 na dokar yara ya ba kotu ikon ba da umarnin a yi gwajin. Ka sani kuma, DNA na tabbatar da jini ne, ba ya mayar da nasaba ta shari'a. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda a yi amfani da shi a wajen irin su musanyar jarirai a asibiti ko yaron da ba a san iyayensa ba, amma ta hana a kore nasabar da ta tabbata da shi ko a sa shi a madadin li'ani. Tunda kun je wajen gwaji, ku haɗa da na sikila, in kai AS ne ita ma AS ce ya kamata a san matsayin jaririn tun yana ƙarami, wannan kam ba ruwansa da wa ke fushi da wa.

Takardar haihuwa, kar ka yi wasa da ita

Katin da asibiti ke bayarwa ba shi ne takardar haihuwa ba, mutane da yawa ba su san haka ba. Ta gaskiya ita ce ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, NPC, suna da tebur a manyan asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi, dokar 1992 ta ce a yi rajista cikin kwana 60. Ku je tare kai da uwar, ko da wani nata zai rako ta, saboda sunanka ya shiga da yardarku ku biyu ba wanda zai zo gobe ya ce an yi a bayan idonsa. Wannan takardar ita za a nema wajen lambar NIN, wajen shiga makaranta, wajen fasfo. Kuma tana da nauyi a kotu sosai, a shari'ar Ukeje da kotun ƙoli ta yanke a 2014, wata mata da dangi suka ce ba 'yar mamacin ba ce, takardar haihuwarta na cikin manyan abubuwan da suka tsaya mata, kotu ta ce ko ta wane hali aka haifi 'ya tana da rabo a dukiyar ubanta. Sai dai waccan shari'ar kan al'adar Ibo ce, gadon Musulmi a nan kotun shari'a ke raba shi da ƙa'idar fiƙihu, kar ka dogara da ita.

Nan akwai wajen da zuciya ke rawa, shin in sa sunana a matsayin uba bayan malamai sun ce ba a danganta min shi? Wasu gidajen suna sa sunan kakan yaron na wajen uwa, wasu su sa Abdullahi kawai. Ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne ba fatawa ba, gurbin sunan uba a fom ɗin gwamnati tambaya ce kan wa ya haife shi, kuma rubuta sunan kakansa a wajen ya fi zama ƙarya, don yana mayar da uwarsa yayarsa a takarda. Amma ka zauna da malaminka kan wannan, kuma ka saurari uwar, ita za ta riƙa amsa tambayoyin mutane kullum ba kai ba.

Riƙo da ziyara

Ka cire ran cewa za ka ƙwace yaro. Ko ɗan aure ne, a Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi aure ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa, sai innarsa, kafin a zo kan dangin uba, balle kai da fiƙihu bai ba ka wannan matsayin ba. Kotun iyali ma abin da take dubawa shi ne me ya fi wa yaron alheri, kuma da wuya ta raba ƙaramin yaro da uwarsa sai da dalili mai ƙarfi. Kar shaiɗan ya raya maka ka je makaranta ka ɗauke shi ka kai wa hajiyarka a wani gari, sunan wannan satar yaro, 'yan sanda za su zo, kuma duk abin da ka gina ya rushe.

Abin da za ka nema shi ne ganinsa a kai a kai, kuma a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: yaro zai zauna wajen wa, wace rana za ka zo kuma a ina, nawa za ka riƙa bayarwa duk wata da ranar biya, wa ke zaɓar makaranta, in ba shi da lafiya wa za a kira, hutun sallah ya za a yi, ba mai fita da shi gari ko ƙasa sai da sanin ɗayan, sannan babbar tambayar da kowa ke tsallakewa, in uwar ta yi aure mijin ya ce ba ya riƙon agola ina yaron zai koma. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ko liman ya shaida, in so samu ne lauya ya kai ta kotu a mayar da ita hukuncin sulhu don ta zama tana da haƙori. Ziyarar kuma ka yi ta a gidan iyayenta gaban mutane, kar ka keɓe da uwar, abin da ya faru sau ɗaya kar a ba shi hanya ya sake faruwa.

In kana da mata a gida ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a gidan biki. Zai yi zafi, amma ya fi. Akwai ma wata hanya da malamai ke nunawa, in matarka tana shayarwa kuma ita da uwar jaririn duk sun yarda da zuciya ɗaya, ta shayar da shi kafin ya cika shekara biyu, ya zama ɗanku na shayarwa, muharramin 'ya'yanka, ya shiga gidanka ba wani ɗar-ɗar. Shayarwa ba ta kawo gado amma tana kawo muharramaka. Kar dai ka matsa mata, ba ƙaramin abu kake roƙo ba.

'Yan'uwa da ke Turai ku ma ku duba takardunku, don a Ingila wanda aka ɗaura masa aure a masallaci ko a falo kawai ba a yi rajista ba doka na iya kallonsa a matsayin marar aure, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Uban da ba shi da aure a can yana samun alhakin iyaye ne in sunansa ya shiga takardar haihuwa tare da uwar, tsarin da ya fara aiki daga 1 ga Disamba 2003, in ba haka ba sai yarjejeniya ko umarnin kotu.

Tunda ba zai gaje ka ba, ka yi masa tanadi kana da rai

Nan ne masu niyya mai kyau da yawa ke yin sakaci, mutum ya yi ta cewa zan yi zan yi har ta Allah ta kasance, ranar rabon gado yaro na raɓe a bakin ƙofa ba mai kallonsa. Hanya biyu ce a buɗe kuma duk halal ne. Ta farko wasiyya, tunda shi ba magaji ba ne kana da damar yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka ba, ka rubuta, shaidu adilai biyu su sa hannu, ka ba wani amintacce kwafi. Ta biyu kyauta tun kana da lafiya, amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta an riƙe, abin da ake cewa hauzi, in ka ce na ba shi fili da baki kawai filin na hannunka har ka mutu, magada za su mayar da shi cikin gado kuma alƙali zai ba su gaskiya. Don haka ka canza takardar ta koma sunan yaron, ka miƙa ta ga uwarsa ko wani wakili gaban shaidu, in gidan haya ne kuɗin hayar ya riƙa shiga asusun yaron ba naka ba. Ka yi da adalci kuma, kar ka kwashe komai ka bar sauran 'ya'yanka da gaba a tsakaninsu.

Abokina fili ya saya mata, ɗan ƙarami a bayan gari, takardar na sunanta tana hannun kawun nan da ya fara zuwa gidansu, kwafi ɗaya kuma na wajen kakarta. Uwar ta yi aure a wani gari, yarinyar na wajen kakar tana aji uku a firamare, duk Juma'a in an sauko masallaci yana zuwa da ledar lemo da ayaba ya zauna a zaure ta kawo masa littattafanta yana dubawa. Alhaji, kakan yarinyar, har yau ba ya zama in ya zo, sai dai makon jiya da zai fita ya tsaya ya ce masa "an ce za a yi musu jarrabawa ranar Litinin, ka duba mata lissafin nan, ni idona ba ya gani sosai."